Yadda Santsi Ya Gina wa Hawainiya Gida

Duk wanda ya taɓa zama a kan kujerar da Santsi ya haɗa ba ya tambayar inda ya samo sunan. Kafinta ne, gajere, kakkaura, mai sanƙon da yake rufewa da wata hular saƙa mai kauri ko ana zafi ko ana sanyi. Shagonsa yana ƙarshen layi, tsakanin mai facin taya da wata mai sayar da bokitai. Aikinsa ba shi da makusa. Ƙusarsa ba ta leƙowa, teburinsa ba ya ɗingishi, ƙofar da ya kafa ba ta kuka. Matsalarsa ɗaya ce tak: bai san inda ake tsayawa da gugar katako ba. Sai ya bi shi da samfefa mai kaushi, ya bi da mai laushi, ya shafa folish, ya bari ya bushe, ya sake gogewa, ya sake shafawa. Ba ya sakin aiki sai ya yi murmushi ya ga haƙoransa a jikin katakon.

Abin gado ne. Babansa mai gyara da goge takalma ne a bakin tasha, mutumin da ba ya duban fuskarka sai ya gama duban takalminka. Da mahaifiyar Santsi ta rasu yana ɗan shekara shida, sai ƙanwar baban nasa ta ɗauke shi. Ita ce Goggo, ma'aikaciyar jinya a babban asibiti, matar da take wanke sabulu kafin ta yi wanka da shi. Daga wajen uba ya ɗauko son ƙyalli, daga wajen Goggo ya ɗauko tsoron Goggo.

Sunan kuwa ya same shi ne a watan da ya yi aure. Ya haɗa dogon benci ya kai wa surukansa kyauta, ya zuba masa folish hawa bakwai. Surukinsa ya zauna a gefe ɗaya cikin sabuwar riga mai sulɓi, ya ɗan karkata zai miƙa wa baƙo hannu, sai kawai aka ga tsohon ya kama hanya. A zaune, hannunsa a miƙe, fuskarsa ba yabo ba fallasa, ya tafi sululu har ya sauka ta ɗaya gefen. Ya tashi ya kakkaɓe rigarsa ya ce a kawo masa tabarma.

Matar Santsi tela ce. Teburin ɗinkin da ya yi mata, duk yadin da ta ɗora a kai sai ya zame ya bi ƙasa, har ta gaji ta buga masa tsohon tawul da ƙusa. Ranar Santsi bai ci abincin rana ba don baƙin ciki.

Haka rayuwarsa take tafiya, sumul, har ya shekara hamsin da biyu. Sai wata safiya wayarsa ta yi ƙara.

“Kai yaro,” in ji Goggo, “ka zo da tef ɗinka na awo. Na yi sabuwar majinyaciya.”

Goggo ta shekara goma sha huɗu da yin ritaya, kuma tun daga ranar take neman wanda za ta yi jinya. Maƙwabtanta har ɓoye tari suke yi in sun hango ta. Abin da ya faru shi ne, an sare wata bishiya a bayan gidanta, reshe ya faɗo da wata hawainiya, ƙafarta ta baya ta karye. Jama'a suka watse, Goggo kuwa ta naɗe ta da tawul ta kai wa likitar dabbobi, wata doguwar mata mai tabarau da suka daɗe da sanin juna. Likita ta ɗaure ƙafar, ta ce za ta warke amma a karkace, in aka mai da ita daji ba za ta kai labari ba. Goggo ta ji daɗin wannan magana fiye da yadda ya kamata. Ta kawo ta gida, ta sa mata suna Gado Ɗaya kamar yadda ake kiran majinyata a asibiti, ta rataya takarda a jikin kwalin da take ciki tana rubuta abin da ta ci da lokacin da ta ci.

Santsi ya leƙa kwalin, ya ja da baya har ya bugi ƙofa. Tun yana yaro ba ya shiri da duk abin da yake tafiya da ciki ko yake da jela mai naɗewa. Ita kuwa hawainiyar ido ɗaya ta zuba masa, ɗayan yana kallon taga.

“Goggo, wai ni take kallo ko waje?”

“Duka biyu. Ta fi ka iya aiki. Gida nake so ka yi mata, mai kyau, wanda za ta sake a ciki.”

Da ya ji an ce mai kyau, sai tsoron ya ɗan ragu. Ya koma shago ya jawo wani katako mai ƙamshi da ya shekara uku yana ɓoyonsa don babban aiki. Ya sa gilashi ta kowane gefe. Ya shafe ciki da koren fenti don ta ɗauka daji ne. Ya shimfiɗa garin katako a ƙasa, mai laushi. Sannan ya samo reshe, ya ɓare masa ɓawo tas, ya goge shi, ya shafe shi, ya sake gogewa, har ya koma kamar sandar ango. Kwana tara ya yi yana wannan aiki. Ranar da ya ɗauko gidan, har mai facin taya ya ce da zai shiga ciki da ya bar gidan haya.

Goggo ta zagaya gidan sau biyu ta gyaɗa kai. Ta ɗauko Gado Ɗaya ta ɗora ta a kan reshen. Hawainiya ta damƙa da hannu, ta damƙa da ƙafa, ta naɗa jela. Sai ta fara juyawa. A hankali, a hankali, ba tare da ta saki ba, ta zagaye reshen har ta koma ciki a sama baya a ƙasa, sannan ta zame ta gangara zuwa ƙarshe ta tsaya tana lilo. Jikinta ya yi baƙi ƙirin.

“Wannan wane irin launi ne?” in ji Santsi. “Godiya take yi?”

Daidai nan Likita ta yi sallama, ta zo duba ƙafa. Tana shigowa ta ja hanci, ta ajiye jakarta, ta buɗe gidan ta fito da hawainiyar da sauri.

“Malam kafinta,” in ji ta, “sa kanka a ciki. Zan rufe ƙofar iya wuyanka. Minti ɗaya kawai.”

Santsi ya dubi Goggo, Goggo ta nuna masa gidan da haɓa. Ya durƙusa ya cusa kai. Bai kai rabin minti ba ya fito yana tari, hawaye shaɓe-shaɓe.

“To ka gani,” in ji Likita. “Kai ke nan da ka shekara talatin kana shaƙar wannan abu. Ita huhunta bai kai kan ɗan yatsana ba. Wannan katako mai ƙamshi, ƙaron da ke jikinsa ne yake ƙamshin, kuma shi ne zai ƙone mata ido da numfashi. Fentin ma haka. Gilashin ya toshe iska, ga shi in ta ga kanta a ciki sai ta ɗauka wata ce ta zo ƙwace mata gida, ta wuni tana fushi. Garin katakon nan kuwa, in ta harba harshe za ta kama ƙwaro sai ta haɗa da shi ta haɗiye.”

“To me ya rage?” in ji Santsi da ƙaramar murya.

“Ƙusoshin suna da kyau.”

Ta zauna ta yi masa bayani dalla-dalla. Katako ya zama busasshe, marar ƙamshi, marar ƙaro, wanda ba a taɓa shafa masa maganin gara ko baƙin mai ba. Ban da allon nan da ake matse garin katako da gam. Maimakon gilashi ya sa raga, ragar ma ta roba mai laushi, don ta waya tana yanke yatsu kuma tana tsatsa. Rassa kuwa a samo na itacen marmari irin gwaiba, daga inda ba a fesa magani, nesa da hayaƙin titi, masu kaurin da hannunta zai iya zagayewa. A wanke su, a ƙona su da tafasasshen ruwa, a shanya. A bar musu ɓawonsu.

Santsi ya ce, “Folish fa? Ko hawa ɗaya, siriri?”

“Ko ɗigo.”

“A waje fa, inda ba za ta taɓa ba?”

“Hancinta zai taɓa.”

Ya nemi kujera ya zauna. Goggo ta auna masa bugun jini ba tare da ya roƙa ba.

Washegari ya dawo sake awo, don Likita ta ce gidan ya fi tsawo a kan faɗi, hawainiya mai son sama ce. Da ya gama, Goggo ta ba shi shayi, ya zauna a bakin taga ya jingina da tukunyar shukar da take ɗora Gado Ɗaya a kai ta sha hantsi. Goggo ta shiga ba shi labarin wani likita da suka yi faɗa da shi shekara arba'in da suka wuce, labarin da Santsi ya ji ya fi sau ɗari. Yana gyangyaɗi yana cewa “ƙwarai kuwa.” Hular saƙar nan tasa kuwa ga kauri, ga wurin kamawa ko'ina, irin abin da hawainiyar take nema tun jiya. Ta miƙa hannu, ta yi gaba ta yi baya kamar mai shawara, ta hau. Ta kwanta a tsakiyar kansa ta rikiɗe ta yi duhu kamar hular.

Santsi ya yi sallama ya kama hanyar kasuwar katako da ƙafa.

Bai taɓa ganin girmamawa irin ta ranar ba. Mutane suna dare masa hanya tun daga nesa. Wata mata ta ja 'ya'yanta ta tsallaka titi. Wani mai wanki da suka saba gaisawa ya ɗaga masa hannu daga bayan igiyar shanya, bakinsa a buɗe. Santsi ya ce a ransa, ashe dai labarin gidan gilashin nan ya zagaya gari. Ya ƙara gyara tafiya.

A kasuwa ya nufi rumfar mutumin da ya saba sayen katako a wajensa, wanda ake kira Rantsuwa saboda ko gaisuwa ba ya yi sai ya haɗa da wallahi. Ya same shi a tsugune yana jera falankai, bai ko ɗago kai ba.

“Katako nake so wanda ba a shafa masa komai ba,” in ji Santsi. “Ba magani, ba mai, ba ƙamshi.”

“Wallahi duk rumfar nan babu wanda aka shafa wa komai. Ɗauki wanda ka ga dama.”

Santsi ya sunkuya ya shinshina wani, ya kankare shi da farce. “Wannan ai kore-kore ne.”

“Haka bishiyar take tun a daji, wallahi. Danginsu duk haka suke.”

“Wannan kuma warin kananzir yake yi.”

“Motar da ta kawo shi ce. Na rantse maka, in ka shanya shi kwana biyu sai ka ci abinci a kansa.”

Rantsuwa ya miƙe tsaye yana goge gumi, ya jingina da tarin katako. Wani ƙaton ƙuda ya sauka a kan falanki, dab da kunnensa. Sai ga wani dogon harshe ya fito daga saman hular kafinta, wuf, ya ɗauke ƙudan ya koma.

Rantsuwa bai san lokacin da ya hau tarin katakon ba. Takalminsa ɗaya a ƙasa, ɗaya a sama.

“Na tuba!” yake ihu. “Koren nan na shafa masa maganin gara! Na kusa da shi ma! Wancan baƙin mai ne, wancan kuma ban ma san abin da aka zuba masa ba! Na can baya ne kaɗai, farin nan da ke jingine da bango, shi ne ba a taɓa ba! Ka ɗauka ka tafi da abinka!”

Santsi ya tsaya sororo. Shekara ashirin yana hulɗa da mutumin nan bai taɓa jin ya yi magana babu rantsuwa ba.

“Da wane abin nawa?”

“Na kanka!”

Sai a lokacin ya ji wani abu ya motsa a saman hularsa. Wata 'yar jela ta sauko ta gaban goshinsa, ta naɗe, ta koma. Santsi ya sandare. Ya roƙi Rantsuwa ya cire masa, Rantsuwa ya ƙara hawa sama. Ya roƙi masu dako, suka ce su katako suke ɗauka. Wani ya kawo shawarar a kaɗe ta da sanda, Santsi ya tuna ƙafar da aka ɗaure, ya tuna Goggo, ya ce duk wanda ya taɓa ta sai dai ya haɗa da shi.

Haka ya juyo gida, wuya a miƙe, hannuwa a buɗe, yana ɗaga ƙafa ɗaya ya ajiye kafin ya ɗaga ɗayar. Tafiyar da ya yi cikin minti ashirin da safe sai da ta ci masa fiye da awa guda. Wayarsa tana ta kuka a aljihu bai isa ya sunkuya ba. Mai wankin nan ya ce daga baya, da ya hango su suna tahowa ya kasa gane wanne ne yake koya wa wani tafiya.

Ya tarar da Goggo ta birkice ɗaki, ta ɗage katifa, ta zazzage kwandon wanki, ɗankwalinta a hannu. Tana ganinsa ta tsaya cak.

“Goggo,” ya ce a hankali, ba ya ko motsa leɓe sosai, “ki cire mini.”

“Wa ya sallame ta?”

“Goggo, don Allah.”

“Na ce wa ya sallame ta? Ka ɗauki majinyaciya da karaya ka fita da ita cikin rana, ba izini, ba ka ko rubuta a takarda ba?”

Ta miƙa hannu, hawainiya ta sauko abinta kamar wadda ta dawo daga unguwa. Goggo ta duba ƙafar, ta duba idon, ta tambayi ko ta ci wani abu a hanya. Santsi ya ce ƙuda ɗaya. Ta rubuta. Shi kuwa ko sannu bai samu ba.

Da yamma farin katakon ya iso shago, Rantsuwa ya aiko da shi, ya ce ba sai kafinta ya sake zuwa da kansa ba. Santsi ya kira Likita ya gaya mata yadda aka yi, ya ƙara da cewa ashe dabbar ta san katako mai kyau. Likita ta yi dariya har ta ƙware. Ta ce hawainiya ba ta san komai ba sai ƙuda, in ka ba ta reshe mai guba ma hawa za ta yi, shi ya sa aikin zaɓe yake wuyan mutum. Ta sa shi ya yanki katakon ya duba cikinsa, ya shinshina, ya jiƙa wani gutsure ya ga ko ruwan zai canza launi. Sai da komai ya fita fes ta ce ya fara.

Rassan gwaiba daga lambun yayan matarsa aka saro su, can bayan gari. Santsi ya wanke su da buroshi, ya rasa inda zai ƙona su da ruwan zafi, sai ya jawo babbar tukunyar gidan. Matarsa ta dawo daga kai ɗinki ta buɗe murfi ta ga itace yana tafasa.

“Maigida, lafiya? Abin har ya kai mu fara cin icce?”

“Na Goggo ne.”

“Goggo ce za ta ci?”

Da ya yi mata bayani, ta zauna a bakin ƙofa ta yi dariya har da riƙe ciki. Amma ita ce ta cece shi a aikin. Ta ga yadda hannunsa yake zuwa wajen gwangwanin folish shi kaɗai, kamar hannun mai shan taba, sai ta ɗauke gwangwanin ta kulle a durowar keken ɗinkinta. Samfefa ma guntu ɗaya ta bar masa, iya na kashe kaifin gefe don kada sartse ya soki dabbar. Ita ta ɗinke bakin ragar robar da zare mai ƙarfi yadda ba tsinin da zai fito. Kwana uku aka gama. A rayuwarsa bai taɓa gama aiki da wuri haka ba, bai kuma taɓa jin kunyar aiki haka ba. Gida ya fito fari fat, garau, rassa a ciki da ɓawonsu kamar an kwaso su daga bakin hanya.

Da zanin gado ya lulluɓe shi ya ɗora a kura, ya bi ta bayan layi.

Goggo ta sa tukunyar shukar nan a ciki, ta rataya gorar ruwa mai ɗan huji a sama tana ɗiga a kan ganye, don Likita ta ce hawainiya ba ta shan ruwa a kwano. Aka ɗora Gado Ɗaya a reshen ƙasa. Ta kama. Ba ta juya ba, ba ta zame ba. Ta hau na biyu, ta ja ƙafarta mai ciwo ta hau na uku, ta kai can ƙololuwa ta tsaya. A hankali jikinta ya washe ya koma kore shar. Santsi ya matsa kusa da Goggo.

“Goggo, alfarma ɗaya,” in ji shi. “Kada ki gaya wa kowa ni na yi.”

“To,” in ji Goggo.

Kafin sati ya zagayo ta gaya wa mai kawo mata ruwa, da masu haya a gidanta, da duk tsofaffin abokan aikinta. Likita ma ta ɗauki hoton gidan ta manna a bangon asibitinta da lambar wayarsa a ƙasa. Daga nan aka fara kiransa: mai aku, mai zomaye, wani malamin makaranta mai kunkuru biyu. Kowa sai ya ce irin marar shafe-shafen nan yake so. Santsi yana yi yana ƙunƙuni, amma ya zama ba ya karɓar aikin sai ya kira Likita ya tambayi abin da dabbar take gwaguya da abin da take shaƙa.

Goggo kuwa ba ta sallame shi ba. Ta ce gwiwoyinta sun daina bin fara, kuma ba kowace fara za a ba majinyaciya ba, sai ta wurin da ba a fesa magani. Don haka duk ranar Asabar da safe za ka ga Santsi a filin da ke bayan shagonsa, da kwalba mai hujajjen murfi a hannu, yana sanɗa cikin ciyawa, ya yi tsalle ya faɗi, ya tashi ya sake. Ranar farko mai facin taya ya ajiye aikinsa ya zo ya tsaya a kansa ya daɗe yana kallo.

“Maƙwabci,” ya ce, “in wani abu ne yake damunka ka faɗa mana, mu ba baƙi ba ne.”

Santsi ya ɗago, ciyawa a gemunsa, ya duba cikin kwalbar. Guda huɗu, Goggo kuwa goma ta ce.

“Aikin asibiti ne,” in ji shi. “Matsa, ka taka mini ɗaya.”